Ciwon Benci

Ina zaune a kan benci na uku daga ƙofar fita, katin shiga jirgi a aljihun gabana, wayata ta yi ƙara. Ƙarfe sha ɗaya saura ne na safiyar Laraba. Da na ga lambar Uwar 'Yan Biyu ce, matar abokina, na yi saurin ɗauka don in yi mata albishir cewa yau kam jirgi ya taso, da idona na ga an tura tsani bakin fili. Ban kai ga buɗe baki ba ta ce, "Yaya, ka daina sauri. Ɗan'uwanka ya rasu yanzun nan."

Na ce mata to. Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan, kamar wanda aka aika sayen gishiri. Sannan lasifikar da ke saman kaina, wadda abokin nawa ya shekara goma sha huɗu yana magana a cikinta, ta yi ƙara, wata murya ta ce ana ba fasinjoji haƙuri, an samu ƙarin jinkiri na minti ashirin.

Kwana uku na yi ina zuwa bencin nan, ina jiran jirgin da zai kai ni wurinsa a asibiti. Tafiyar minti arba'in da biyar ce a sama, awa bakwai a mota. Ko motar da ta fi kowace lalacewa a tasha na shiga ranar Litinin, da na kwana biyu a gefen gadonsa. Kuma ba baƙo ne ya yi wannan wautar ba. Ni ne, mai tura tsanin da fasinjoji ke takawa su hau jirgi, wanda ya fi kowa a filin nan sanin ranar da jirgi ba zai zo ba.

Abokin nawa, Sanarwa muke ce masa. Sunansa na gaskiya yana kan katin da yake ratayawa a wuya, amma ban taɓa jin wani ya karanta shi ba. Gajere ne, mai ɗan tumbi, kansa ya fara sanƙo tun bai kai arba'in ba. In ka ji muryarsa a lasifika kafin ka gan shi, sai ka ɗauka wani ƙato ne mai ƙasumba. Fasinjoji sukan zo kanta da fushi su ce a kira musu mutumin da ke magana, ya ce musu shi ne, su ƙi yarda.

Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne. A shagon ya tashi, cikin rediyoyin mutane da ba a zo karɓa ba, yana kwaikwayon masu karanta labarai har ya iya inda suke jan numfashi. Burinsa ke nan a duniya, ya karanta labarai a gidan rediyo. Sau biyu ya je gwaji, sau biyu aka ce masa murya ta yi amma takardu ba su kai ba. Sai ya ƙare a bayan kantar kamfaninmu, yana auna akwati, yana yagar tikiti, yana riƙe makirfo. Amma bai taɓa raina makirfon ba. Da kansa yake goge rigarsa. Kafin ya yi magana sai ya kurɓi ruwan ɗumi, ya gyara murya, ya miƙe tsaye, ko da abin da zai faɗa bai wuce a yi haƙuri ba. Kalmar haƙurin nan kuwa, kala-kala yake furta ta. Akwai ta safe mai fara'a, akwai ta azahar mai nauyi, akwai ta yamma wadda yake faɗa kamar mai gaisuwar rashi.

Ranar da na fara aiki, shekara goma sha ɗaya ke nan, na turo tsani da ƙarfina na kafa shi a gefen da jirgin ba ya buɗe ƙofa. Fasinjoji na tsaye a ciki, ma'aikaciyar jirgi ta buɗe ɗaya gefen ta leƙa ta ga ƙasa, ni kuma ina can na ƙame ina jiran yabo. Manaja ya yi mini wankin babban bargo a gaban kowa. Na koma bayan sikelin kaya na zauna, na yanke shawarar gobe ba zan dawo ba. Sai ga wannan gajeren ya zo ya zauna kusa da ni, ya tsiyaya shayi a murfin fulas ɗinsa ya miƙo mini. Ya ce shi ranarsa ta farko garin da ba ma zuwa ya kira, mutum uku suka tashi suka yi layi. Har yau ban sani ba ko gaskiya ne ko don ya sanyaya mini zuciya ya ƙirƙira. Daga ranar ya sa mini Mai Tsani, sunan ya bi ni har gida.

Kamfaninmu na masu araha ne. Jirage biyu gare mu, ɗaya kusan kullum yana hannun injiniyoyi, ɗayan shi ke zagaya garuruwa huɗu a yini. Mu ne na uku a layi. In ya makara awa ɗaya a garin farko, kafin ya iso wurinmu awar nan ta haihu ta zama huɗu. Wani lokacin a ce hadari ne, wani lokacin taya, wani lokacin matuƙi ya cika awanninsa na aiki dole ya huta. Ɗakin jiranmu benci shida ne na ƙarfe, fanka huɗu ɗaya ba ta juyawa, allon nuna lokaci da ya daɗe da mutuwa, da wurin cajin waya guda biyu da manya masu mutunci ke faɗa a kansu. Gefe ɗaya gilashi ne, ta nan ake hango fili.

Dokar kamfani ita ce ba a cewa an soke tashi sai saƙo ya zo daga babban ofis. Saƙon kuwa ba ya zuwa sai bayan ƙarfe biyar na yamma, lokacin da motar ƙarshe ta riga ta bar tasha. Kafin nan sai dai a ce jinkiri. Mu da ke fili tun hantsi muke sani. Ni ina da oba-oba a ƙugu, wato rediyon hannun da ma'aikata ke magana da shi, ina jin abin da ake faɗa tsakanin garuruwa. Ko ba oba-oba ma, in ka ga injiniya bai sa rigarsa mai ƙyalli ba, direban tankar mai ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motarsa ya kwanta, tsanina kuma yana kusurwarsa ban taɓa shi ba, to magana ta ƙare.

Sanarwa ya yi shekaru yana bin dokar nan yana haɗiye abin da ya sani. Sai wata rana wani malamin makaranta da aka kira ganawar ɗaukar aiki washegari da sassafe ya wuni a kan benci da fayil ɗinsa a cinya. Da aka soke tashi bai yi faɗa ba, bai buga kanta ba. Ya zo ya tsaya a gaban Sanarwa ya tambaye shi a hankali ko tun safe ya sani. Sanarwa ya sunkuyar da kai yana jera tikitocin da ke gabansa. Ranar har muka rabu a bakin titi bai ce mini uffan ba, shi da bakinsa ba ya hutawa.

Washegari ya kira ni bayan sikeli ya faɗa mini dabararsa. Ya ce baki na kamfani ne, sun saye shi, amma fulas nasa ne. In na tabbatar jirgi ba zai zo ba, in shigo ɗakin jira in wuce ta gabansa da abin toshe kunnena a hannu maimakon a wuya. Shi kuma zai ɗauko shuɗin fulas ɗinsa daga ƙarƙashin kanta ya ɗora a sama. Mutum ɗaya kawai ya gaya wa ma'anar, wani likitan dabbobi da ke bin jirginmu kowane mako. Likitan ya gaya wa wata lauya, lauyar ta gaya wa 'yan kasuwa. Cikin wata biyu duk wanda ya saba da mu ya sani. Sai ka ga Sanarwa ya miƙe ya gyara murya yana cewa jirgi zai iso nan ba da jimawa ba, fulas na tsaye a gabansa, mutane na ɗaukar jakunkunansu ɗaya bayan ɗaya suna sulalewa tasha, wasu har da ɗaga masa hannu.

Sau ɗaya abin ya kwaɓe mana. Mura ta kama shi, Uwar 'Yan Biyu ta haɗa masa shayi da citta, ya sha ya manta ya bar fulas a sama. Ina can fili ban san abin da ake ciki ba. Ranar kuwa jirgi ya sauka a kan lokaci daidai, abin da bai yi ba a watan gaba ɗaya. Na kafa tsani na tsaya ina jiran cincirindo, sai ga mutum tara sun fito, dukkansu baƙi, suna waige-waige. Sauran suna can a hanya cikin mota suna yi wa Sanarwa addu'a. Manaja ya cika ya batse, ya yi ta bincike har ya gano. Ya tara mu a ofis ya ce in ya ƙara ganin fulas a kan kanta, mu duka biyu mu nemi wani aikin. Muka ce ranka ya daɗe, an daina. Bayan mako uku surukar Manaja za ta yi tafiya. Sai ga shi ya zo ya jingina da kanta kamar mai duba takardu, ya tambayi Sanarwa ƙasa-ƙasa ko yau fulas yana ciki ne ko yana waje. Daga nan ba a sake maganar ba.

Amma ba kowa fulas ke ceta ba. Akwai waɗanda sun san ma'anarsa sarai, su kalle shi, su gyara zama. Sanarwa ne ya sa wa abin suna, ya ce ciwon benci ne. Ya ce a awa ta farko mutum agogo yake dubawa. A ta biyu ya zo ya buga kanta ya ce ba a san ko shi waye ba. Can wajen ta huɗu sai ya cire takalmi, kuma da zarar ya cire takalmi ya kamu. Daga nan ko me ka gaya masa, cewa zai yi ya riga ya jira awa biyar, in ya tashi yanzu jirgin ya zo fa? Da rana mukan zauna bayan sikeli muna cin burodi, muna leƙen ƙafafun mutane muna cewa wancan ya kamu, wancan saura kaɗan. Ni na fi shi dariya. Nakan ce masa ban ga abin da zai sa mutum mai hankali ya ga hanya a buɗe ya zauna yana jiran abin da ba ya zuwa ba. Shi yakan ce in bar cika baki, ban taɓa riƙe tikiti ba ne.

Gaskiya ya faɗa. Mu duka biyu ba wanda ya taɓa hawa jirgi. Kamfani na ba kowane ma'aikaci tikiti ɗaya kyauta a shekara, namu kullum lalacewa yake yi. Ni ba ni da inda zan je, dangina kaf in na hau keke zan zagaye su kafin azahar. Shi kuma yakan ce wanda ya san abin da ake faɗa a oba-oba ba ya hawa. Ƙarya yake yi, tsoron bisa ne da shi. Na taɓa lallaɓa shi ya hau tsanina a ranar da ba aiki, ya kai mataki na biyar ya riƙe ƙarfe da hannu biyu ya ce ya ga abin da zai gani. Sai da na hau na riƙo shi muka sauko. Duk da haka yakan ce abin kunya ne a ce maza biyu sun haɗa shekara ashirin da biyar a filin jirgi ba wanda ya san yadda garinsu yake daga sama. Ya ce ya kamata ɗayanmu ya je ya dawo da labari, kuma tunda ni na saba da tsani, ni ya kamata.

A gida ba ya sanarwa, sauraro yake yi. 'Yan biyunsa mata ne, shekararsu goma sha biyu, su ke magana shi yana gyaɗa kai yana gyara musu jakar makaranta. Matarsa takan ce ya ƙarar da muryar a wurin aiki ya kawo mata ragowa. Duk ranar hutu sai ya zo gidana da rediyon da ya gada, mu zauna a ƙofar ɗaki, ana karanta labarai yana gyara wa mai karantawa. Mai ɗakina takan ce da shi da ni ba ta san wanda ta aura ba, tunda kwano biyu take zubawa.

Bara ƙafafunsa suka fara kumbura. Na fara ganin ya zare takalmi a bayan kanta yana tsaye da safa, na tsokane shi na ce likita ma ya kamu da ciwon da ya gano. Ya yi dariya. Ashe ƙoda ce. Asibitin garinmu suka yi iyakar ƙoƙarinsu, sannan suka tura shi babban asibiti a gari na huɗu a layin jirginmu. Uwar 'Yan Biyu ta ce tunda yana da tikiti, kuma hanya da nisa, a sa shi a jirgi. Ya ce mata ciwo yake yi, ba hauka ba. A mota aka kai shi, kwance a kujerar baya.

Mako uku yana can muna waya. Ranar Lahadi matarsa ta kira ta ce likitoci sun ce duk mai son ganinsa ya zo, kuma sunana yake ta kira. Mai ɗakina ta ce in yi sammako in shiga motar farko. Na ce mata ita ba ta san lissafi ba. Motar farko sai azahar za ta isa, jirginmu kuwa ƙarfe goma zai tashi, kafin sha ɗaya ina gefen gadonsa, kuma zan shiga masa da labarin da ya daɗe yana nema. Abin da na faɗa ke nan. Wanda ban faɗa ba shi ne ina son a ga na hau. Manaja ya sa hannu a tikitina. Na sa aka goge mini manyan kayana, na fito da sabon takalmin da na ajiye, na aro akwati a wurin ƙanin mai ɗakina. Da safe maƙwabta suka fito suka raka ni bakin titi, na yi ta ɗaga musu hannu kamar mai barin ƙasa.

Na miƙa rigata mai ƙyalli da oba-oba ga Dogo, abokin aikina, na zagayo ta ƙofar fasinjoji a karon farko a rayuwata. Wadda ta maye gurbin Sanarwa a kanta mace ce mai kirki, daga wani filin aka kawo ta, ba ta da fulas, ba kuma wanda ya ba ta labarinsa. Ta ce jinkiri ne kaɗan. Na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ta gilashi ina hango tsanina a kusurwarsa. Ina hango injiniya ba riga yana cin abinci, ina hango ƙafafun direban tanka sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Na karanta su duka kamar yadda nake karantawa kullum, sannan na ce wa kaina ai Dogo malalaci ne, sai jirgi ya kusa yake tura tsani.

Da tsakar rana Dogo ya shigo har inda nake, yana sosa ƙeya. Ya ce, "Yallaɓai fasinja, jirgin nan fa ko garin farko bai bari ba. Ka kama hanya."

Na ce masa ya koma bakin aikinsa, wadda ke kanta ta fi shi sanin abin da babban ofis ke ciki. Ni na faɗi wannan, ni da na san cewa mai kanta ne na ƙarshen ji. Wajen ƙarfe biyu na duba ƙasa na ga takalmana a ajiye gefe. Na ce ai sababbi ne, matse ni suke yi.

Biyar da rabi aka soke. Na bi ta lunguna na koma gida don kada maƙwabta su gan ni, akwatin aro a ka. Mai ɗakina ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye mini abinci ta tambaye ni ya sama, akwai sanyi kuwa.

Talata na koma. Hujjata ita ce ba a cika sokewa kwana biyu a jere ba, ni da na taɓa ganin an yi biyar. Wajen sha biyu likitan dabbobi ya shigo da jakarsa, ya gan ni cikin manyan kaya ya tsaya yana mamaki. Ya tambayi jikin Sanarwa, na gaya masa wurinsa za ni. Ya kalli kanta bai ga komai ba, ya kalli fili ta gilashi na ɗan lokaci, sai ya ɗauki jakarsa. Ya ce zai ɗauki shatar mota, akwai wuri a gaba, in taso mu tafi. Na yi masa godiya sosai. Na ce na riga na ɓata jiya gaba ɗaya, in na tashi yanzu jirgin ya zo fa? Ina jin kalmomin suna fita daga bakina, na gane su, na san inda na sha jin su, amma ban tashi ba. Ya daɗe yana kallona kafin ya fita. Wannan motar da ƙarfe bakwai na yamma ta isa. A lokacin Sanarwa yana magana, har ya sha shayi.

Ranar Laraba na fito da niyyar tasha, na rantse wa mai ɗakina. A hanya na ce wa mai tasi ya bi ta filin jirgi in leƙa kawai. Na leƙa na ga tsani a bakin fili, injiniya cikin rigarsa, direban tanka a tsaye yana goge gilashi. Wannan karon komai gaskiya ne. Na karɓi katina na zauna a benci na uku, har ina jin daɗin cewa haƙurina ya biya. A nan wayar ta same ni.

Jirgin ya zo. Dogo ne ya riƙe tsani, ya riga ya ji labari, ya cire hularsa da na zo wucewa. Mataki goma sha huɗu ne, na san wanda ke motsi, na tsallake shi ba tare da na duba ba. Kujerar gefen taga aka ba ni. Ban ga komai ba. Na ji ƙara, sauran duk ruwa ne a idona. Ma'aikaciyar jirgi ta miƙo mini biskit da ruwa, na riƙe su a hannu har muka sauka. Ko yau aka tambaye ni yadda garinmu yake daga sama, ban sani ba.

A asibiti na same shi an rufe shi da farin zane. Na buɗe fuskar na ga kamar ya ƙara ƙanƙanta. Uwar 'Yan Biyu tana zaune a baranda, yaran sun jingina da ita. Na durƙusa a gabanta na fara ba ta haƙuri. Ta ce in tashi, manyan kayana za su yi datti. Ta ce ranar Litinin da safe ya sa ma'aikaciyar jinya ta kawo kujera ta ajiye kusa da gado, ya ce babban baƙo zai yi. Da ta gaya masa a jirgi zan zo, kuma na kamfaninmu, sai ya ce a mayar da kujerar, wani zai iya mora kafin Juma'a. Ta ce ya yi ta dariya har sai da aka ɗaga masa kai. Da yamma kuma ya ce ta tambaye ni ko na cire takalmi, ita ta ga abin ba na tambaya ba ne ta share. Tana ba ni labarin tana dariya tana share ido da gefen mayafi, ni ma na taya ta, duka biyun.

Na koma aiki bayan mako guda. Yanzu in na ga ranar ba ta zuwa ba ce, ba na neman wata alama, shiga nake yi ɗakin jira in gaya wa na kusa da ni ya nemi mota. Manaja ya ja mini kunne sau biyu. Yawancin fasinjojin ba sa tashi. Kallona suke yi irin kallon da na yi wa Dogo, ni kuma ba ni da bakin yi musu dariya.

Waya ta ƙarshe da muka yi da Sanarwa ranar Talatar nan ce, wajen ƙarfe biyu, bayan likitan dabbobi ya tafi. Shi ne ya sa matarsa ta kira ni. Muryar ta ragu sosai, sai na toshe ɗaya kunnen kafin in ji shi. Ya tambayi mai ɗakina, ya tambayi Dogo, ya tambaya ko an gyara fankar nan. Sannan ya ce ina nake.

Na ce, "Ina fili. An ce ƙarfe huɗu."

"Wa ya ce?"

"Wadda ke kantarka."

"Da ta faɗa, ta kalle ka a ido?"

Na ce, "A'a. Kwamfuta take kallo."

Na ji yana dariya a hankali, tari ya biyo baya, na ji matarsa na cewa ya isa haka. Da ya samu numfashi ya ce, "Mai Tsani, shiga mota. Ina son ganinka."

"In bai zo yau ba, gobe da sassafe ina tasha. Na yi maka alkawari."

"Gobe," ya ce. "To, ɗan'uwa. Allah ya kai mu."

Na ce amin.